Aku a Tsakar Gida: Almakashi Ba Ya Tsare Shi

A wasu gidaje na Maraɗi da Damagaram, baƙo kan yi sallama ya ji an amsa masa tun maigida bai fito ba. Aku ne, mai launin toka da jar wutsiya. Ba ɗan ƙasarmu ba ne. Asalinsa kurmin Kamaru da Gabon da Kwango.

Ran da aka kawo shi gida, abin da akan fara nema shi ne almakashi. Hujjar masu yi ba ta banza ba ce: tsakar gidan Bahaushe ba ta da rufi, kuma akun da ya firgita ya haye katanga da wuya ya gane hanyar komowa. Sai dai yanke gashin fiffike musayar wani haɗari ne da wani. Tsuntsun da ba ya tashi ya zama na kyanwa da muzuru da shaho. In ya faɗa randa ba ya fita. Aku kuwa jikinsa da nauyi. Idan aka zarce wajen yanka, ko aka yanke fiffike guda aka bar guda, kamar yadda aka saba yi wa tantabara, sai ya faɗo a kan siminti, ƙirjinsa ya tsage. Akwai kuma sabon gashi mai jini a cikin kararsa, wanda in almakashi ya taɓa shi jinin ba ya saurin tsayawa. Bayan duk wannan wahala, gashin yakan sake tsirowa, maigida bai ankara ba, wata safiya a tarar da wurin wayam.

Wanda ya ga lalle sai an rage, ya kai wa likitan dabbobi, a rage kaɗan, a fiffiken biyu daidai. Amma abin da ya fi shi ne keji mai faɗi, inda zai buɗe fikafikansa, a inuwa, nesa da hayaƙin murhu. In za a sake shi a ɗaki, a rufe taga, a kashe fanka. Da ɗari, a lulluɓe kejin da dare, domin ɗan kurmi bai san hunturu ba.

Ta wajen abinci ma ƙauna kan yi ɓarna. Goron da ake gutsura masa don raha, da shayi, da kofi, da avoka, duka guba ne gare shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna ita ma haka.

Nijar tana cikin yarjejeniyar CITES tun 1975. A taron Johannesburg na 2016 aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, hanin ya soma aiki a Janairun 2017, bayan da bincike ya nuna Gana ta yi asarar fiye da kashi 90 cikin ɗari na akunta. Wanda ke cikin keji yanzu kuwa yana iya wuce shekara 40, har ƴaƴan maigida su gaje shi.