Babi na Tara: Ɗakin da Ya Kwana Babu Baƙo

Mai otal ɗanyen kaya yake sayarwa, kuma wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane komai a sana'ar ba. Mai shagon atamfa in bai yi ciniki yau ba, kayansa na nan gobe. Amma ɗakin da ya kwana babu baƙo daren Talata, kuɗin wannan dare ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar ran Laraba. Ga shi ko da baƙo ko babu, sai an biya albashi, an kunna fitilu, an biya banki bashin gini. Kusan duk dabarun wannan sana'a da rigingimunta daga nan suka taso.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mutum ya dawo daga Umara yana cewa masu otal a Makka ɓarayi ne, wai ɗakin da aka kama da araha a wata biyu baya ya ninka kuɗi a goman ƙarshe na azumi. To ina satar take? Benayen da ke kallon Harami ba sa haihuwar sababbin ɗakuna don azumi ya kama. A waɗannan darare masu nema sun fi ɗakunan yawa nesa ba kusa ba, a wasu watannin kuwa manaja ne ke roƙon a zo a kwana ko da an karya farashi. Ribar kwanakin cunkoso ita ke toshe ramin kwanakin da ba kowa.

Dabarar sauya farashin ma ba a otal aka fara ta ba. A shekarar 1978 gwamnatin Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara, kowa ya sa kuɗin tikitin da ya ga dama. Sai wani sabon kamfani, People Express, ya karya farashi har manya suka fara jin jiki. American Airlines, a ƙarƙashin Robert Crandall, bai rage kuɗin dukan kujerunsa ba. A 1985 ya sa kwamfuta ta riƙa hasashen kujerun da za su tashi babu kowa, waɗannan kaɗai ya sayar da araha ga masu saye da wuri, sauran ya ajiye wa 'yan kasuwar da tafiya ke taso musu kwatsam, waɗanda ba sa tayi. Zuwa 1987 People Express ya zama tarihi. Kamfanin Marriott na cikin na farkon da suka kwaso wannan ilimi zuwa otal, don kujerar jirgi da gadon otal ciwonsu ɗaya. Lissafin da ke ciki yana da sarƙaƙiya, ba sai mun shiga ba. Abin sani shi ne, yau farashin ɗaki ɗaya kan iya canzawa tsakanin hantsi da la'asar.

Akwai wani kuskuren da ya fi na kiran masu otal ɓarayi yaɗuwa. Mutum ya ga suna a goshin bene, sai ya ɗauka mai sunan ne mai ginin. Ina! Transcorp Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987, mallakar kamfanin Najeriya ne, Transcorp Hotels. Hilton gudanarwa yake yi ana biyansa. Tun 1993 Marriott ya rabu gida biyu, ɓangare ɗaya ya riƙe gine-gine da basussukansu, ɗayan ya tafi da suna da aikin gudanarwa. Da ya sayi Starwood a 2016 kan kusan dala biliyan 13, galibin abin da ya saya sunaye ne irin su Sheraton da Westin, da kwangiloli, da jerin abokan ciniki. Manyan sun gane cewa asarar ɗakin da ba kowa gara ta faɗa kan wani. An ga amfanin haka a 2020, lokacin da korona ta tsayar da tafiye-tafiye har Saudiyya ta hana maniyyatan ƙasashen waje zuwa Hajji. Mai suna kuɗin shigarsa ne ya ragu. Mai gini shi banki ya sani.

Sai dillalai. Booking.com da Expedia duk a 1996 suka fara, yau kuwa matafiya da yawa ta wayarsu suke kama ɗaki. La'adar da sukan karɓa tana kaiwa kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na kuɗin kwana. Abin yakan ba ni dariya in na tuna zamanin fataucin goro daga Gwanja, lokacin da fatoma ke sauke falke a gidansa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, sannan ya ci la'ada. A da mai masauki shi ne dillali. Yanzu shi ke biyan dillalin da bai taɓa share ɗaki ko ɗaya ba. Don kauce wa haka ne manyan kamfanoni ke tara wa baƙo maki, kamar Hilton Honors da Marriott Bonvoy, domin ya riƙa zuwa musu kai tsaye. Ƙaramin otal ba shi da wannan gata.

Batun Airbnb, dandalin da masu gidaje ke ba matafiya haya, wanda aka kafa a 2008, an cika zuzuta shi. An ce zai binne otal, bai binne ba. Ya dai ci wani kaso na kasuwa, musamman iyalai da masu dogon zama, yanzu kuma birane sun fara taka masa birki saboda tsadar haya, kamar yadda New York ta yi a 2023. Ban da wannan, ƙarancin ma'aikata a Turai da Amurka bayan korona shi ma ya zama matsala ga masu otal, haka nan kuɗin dizal a ƙasashen da wuta ba ta tsayawa.

Saboda haka mai kuɗin da ke shirin gina otal don ya ga na wane ya cika maƙil ranar ɗaurin aure, ya dakata tukuna. Ya nemi wani tsohon manaja ya lissafa masa abin da ke saura a shekara bayan an cire dizal, albashi, la'ada da kuɗin suna, kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya.