Canja Robar Shaf a Motocin Gudu: Abin da Mai Gyara a Gida Ya Kamata Ya Sani

A motocin da kowace taya ke hawa da sauka ita kaɗai bisa ga yanayin hanya, akwai sandar ƙarfe da ke ɗauko juyin inji daga akwatin giya ta kai wa taya, wadda makanikai ke kira shaf, kuma a kowane bakinta akwai gaɓa da ke ba ta damar karkata ba tare da saurin juyin ya ragu ko ya ƙaru ba. Mafi shahara cikin waɗannan gaɓoɓi ita ce wadda Alfred Rzeppa, wani injiniya a kamfanin Ford na Amurka, ya ƙirƙiro a shekarun 1920, mai ƙwallayen ƙarfe shida da ke gudana cikin kwarin da aka sassaƙa musu, wani keji yana riƙe da su don kada su watse. Abin da ke tsare gaɓar shi ne roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri, wato robar shaf, wadda aikinta biyu ne kacal: ta riƙe giris a ciki, ta kuma hana ruwa da yashi shiga.

Motocin gudu sun fi sauran wahalar da wannan roba, domin gininsu ƙasa-ƙasa ne, kuma an cusa kayansu a ƙuntataccen wuri. A Porsche Boxster, wadda kamfanin ya fara fitarwa a Jamus a 1996, injin yana tsakiyar mota ne bayan kujeru, shaf biyu na baya kuwa suna aiki kusa da bututun salansa, inda zafi ke busar da roba har ta fara tsattsagewa a cikin ninkinta. Masu ƙara saukar da mota don ado ko don tsere suna iya ƙara karkatar gaɓar, sai ninkin ya riƙa gugar juna. Da zarar roba ta yage, juyin shaf yakan watsa giris waje, yashi ya shiga ya gauraye da ragowarsa, abin da aka zuba don santsi ya koma abin da ke cin ƙarfe. A ƙasashen da ƙurar hunturu da hanyoyin da babu kwalta suka yi yawa, kamar Arewacin Nijeriya da Nijar, inda akasarin irin waɗannan motoci tsofaffi ne da aka shigo da su daga waje, ɓarnar ba ta jiran dogon lokaci.

Alamar farko ba a jin ta da kunne, ganinta ake yi: baƙin giris da ya fantsama a cikin ƙarfen taya ko a jikin shokozoba. A wannan mataki ne kaɗai canja roba ke da amfani. Idan har an kai ga jin ƙas-ƙas yayin shan kwana, ko dukan ƙarfe da girgiza yayin taka totur a motar da tayoyin baya ne ke tura ta, to ƙwallayen sun riga sun ci kwarinsu, sabuwar roba kuwa ba ta mayar da ƙarfen da ya zaizaye, don haka gaɓar ko shaf ɗin gaba ɗaya ne za a canja. Mutane da yawa sukan ƙi yarda da wannan saboda tsadar kayan, su yi aikin sau biyu.

Haɗarin da ya fi girma a aikin gida yana wajen ɗaga mota. Jak na ɗagawa ne kawai, kuma wanda ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ya sa ransa cikin caca. Dole ne a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, a daɓe mai tauri, a tokare sauran tayoyin. Tubalin siminti, wanda ake yawan gani a ƙarƙashin motoci, yana iya farfashewa nan take ba tare da wata alama ba. Sai babban notin da ke tsakiyar taya, wanda a Boxster ake ɗaure shi da ƙarfin nitin-mita 460, wato ma'aunin ƙarfin murɗawa, abin da ya ninka ɗaurin notin taya fiye da sau uku. Ana sassauta shi ne tun motar tana ƙasa, domin ƙarfin da ake sawa zai iya tunkuɗe ta daga kan ƙafafun, kuma ba a tura mota bayan an cire shi, saboda shi ne ke matse boris ɗin taya, wanda zai lalace idan nauyi ya juya a kansa a sake.

A Boxster gaɓar ciki tana ɗaure da akwatin giya da kusoshi shida masu rami a ka, waɗanda ya kamata a share raminsu tas kafin a zura sifana, in ba haka ba kan ya cinye, aikin yini ɗaya ya zama na mako. Bayan an fitar da shaf, sai a yanke tsofaffin maɗaurai, a zare zoben da ke riƙe gaɓar ciki a kan sanda, a cire ta, sannan a zura robar waje ta wannan ɓangare, tunda gaɓar waje ba a yi ta don a kwance ba. Kafin a warware gaɓar ciki, ana yi wa kowane sashe alamar fuskar da yake kallo, domin akwai hanyar harhaɗa ta da ke kama da daidai alhali gaɓar ta ƙage ba ta karkata. Idan ba ta motsi da hannu, ba a mayar da ita kan mota.

Wanki shi ne wurin da haƙuri ke ƙarewa, kuma nan ne akasarin gyaran gida ke lalacewa. Sai an fitar da tsohon giris duka, an bar ƙarfen ya bushe, an duba kwarin ko akwai ramuka ko shuɗin launi na ƙuna, sannan a cusa sabon giris ɗin da ya zo tare da robar, mai sinadarin molibdenam da ke jure matsi mai tsanani, gwargwadon abin da ke cikin ƙunshin. Giris na boris ba ya maye gurbinsa. Haka nan ɗaure bakin roba da waya ko igiyar tsohon tub ba ya riƙewa a gudu mai yawa, maɗaurin ƙarfe mai kunne kuma yana da filayarsa ta musamman da ke matse shi daidai. Robar da ake tsagawa a manne da gam don gudun cire shaf dabara ce ta isa gida kurum, tunda ba ta ba da damar wanke gaɓar.

Wajen mayarwa ana sa sabon noti, a ɗaure komai da sifana mai auna ƙarfi bisa ga adadin da littafin motar ya faɗa, duk wanda ba shi da sifanar da ta kai nitin-mita 460 kuwa, gara ya bar wannan sashe ga garejin da ke da ita. Bayan 'yar tafiya kaɗan sai a sake leƙawa, a tabbatar kusoshin shida ba su saki ba, kuma babu giris da ke tsattsafowa ta bakin maɗauri.