Hattara Da Tsugunawa Kusa Da Dogon Jirgi Mai Lantarki

Maganar da muka zo da ita a wannan fitowa akwai nauyin baki, amma da a yi jana'iza gara a ji kunya. Magana ce ta fitsari, da inda bai kamata mutum ya tsuguna ba in ya matsu a kan hanya.

Wani zai ce, "To mu nan Tamale ina muka ga jirgin ƙasa?" Gaskiya ne, ba mu da dogo, kuma jiragen da ke kudancin Gana da man gas suke tafiya, har da sabon layin Tema zuwa Mpakadan da aka buɗe a 2024. Amma falke ba shi da gari ɗaya. A Ikko, tun watan Satumba na 2023 jirgin Blue Line yake jigila tsakanin Marina da Mile 2, a kan hanyar Badagry, wadda ita ce mai fita iyakar Seme. A Dakar an buɗe jirgin lantarki a ƙarshen 2021, haka kuma akwai na Addis Ababa zuwa Jibuti tun 2016. Wanda ya je aikin Hajji ma ya ga na Mina da Arafat.

Jirgin lantarki iri biyu ne. Akwai mai shan wuta daga wayar sama, kamar na Dakar da na Habasha, mai ƙarfin bolt 25,000. Akwai kuma mai shan wuta daga ƙasa, kamar na Ikko, inda aka shimfiɗa ƙarfe na uku a gefen biyun da ƙafafun jirgi ke bi, yana ɗauke da bolt 750. Ku tuna wutar gidajenmu bolt 230 ce kawai, amma tana kisa. Shi wannan ƙarfe ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, kuma da wuta a jikinsa ko babu jirgi a kusa.

To ina ruwan fitsari da wuta? Fitsari ruwa ne mai gishiri, ruwan gishiri kuwa lantarki na bin sa cikin sauƙi. Za ku ji wasu na cewa ai ba komai, wai fitsari yana rarrabuwa ɗigo-ɗigo kafin ya kai ƙasa. Wannan batun wanda ya yi a tsaye ne daga nesa, shi ma ba tabbas. Mu kuwa a tsugune muke yi, kusa da ƙasa, fitsarin bai samu tazarar da zai yanke ba. Bayan haka ga ruwan buta ya jiƙa hannu, ya jiƙa ƙafa, ya kwanta a ƙasa. Ke nan mutum da kansa ya shimfiɗa wa wuta hanya. In ta bi ta jiki sai ta rikita bugun zuciya, ta ƙona nama daga ciki, ta kuma ƙanƙame jijiya yadda mutum ba zai iya janye jiki ba.

Wayar sama kuwa ba sai an taɓa ta ba. In an matsa kusa, wutar tsalle take yi ta cikin iska ta kama mutum. Saboda haka kada a hau kan tarago, kada a ɗaga sanda a ƙarƙashinta, kada kuma a yi fitsari ko a zubar da ruwa daga kan gadar da ta ratsa samanta.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya kora shanu ko ya bi lori daga Paga zuwa Bolgatanga, Walewale, Tamale, Buipe, Kintampo, Techiman har Kumasi, ya ga manyan turakun ƙarfe na GRIDCo masu ɗauke da bolt 161,000, wasu 330,000. A cikin gari kuma ga taransifomomin NEDCo a bakin kasuwa da tasha. Nan ne yaranmu suka fi son raɓewa da dare don wurin da duhu. Alhali kowace taransifoma tana da waya da aka binne a gindinta, in ta samu matsala sai wutar ta malala cikin ƙasar wurin, balle da damina.

Dabba ta fi mutum shiga hatsari a irin wannan wuri, domin tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya ta fi takun mutum, wutar sai ta shiga ta nan ta fita ta can, ta ratsa zuciya. Shi ya sa sa zai faɗi matacce, makiyayi na gefensa bai ji komai ba sai ɗan tsam. Kada a ɗaure dabba a jikin falwaya, kada a kwana da garke a gindin turke.

In waya ta tsinke ta faɗo, a ja baya aƙalla mita 10, a riƙa jan ƙafa a haɗe, ban da dogon taku. In wuta ta kama ɗan'uwa kada a cafke shi da hannu, domin za a zama biyu. In kuwa ta dogo ce ko babbar waya, ko da sanda kada a gwada. A kira ma'aikata su kashe wutar, a Gana lambar gaggawa 112 ce. Wanda ya tsira kuma a kai shi asibiti ko da ya ce garau yake.

Muna roƙon iyayen gida da dillalai su karanta wa yaran mota da masu kora wannan takarda, tunda su ne suka fi kwana a hanya. Wanda ya matsu ya daure ya nemi bayan gida, ko ya yi nisa da ƙarfe da waya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu ga iyalanmu lafiya. Wassalam.