p53: Furotin ɗin da ke kashe ƙwayar jiki kafin ta zama kansa

Duk mai riƙe da wayar Android ya san abin da take yi idan manhaja ta rikice: takan rufe ta da ƙarfi kafin ta daskarar da wayar baki ɗaya. Jikin ɗan'adam ma yana da irin wannan tsari, kuma lalacewarsa na cikin manyan ƙofofin da kansa ke shigowa ta cikinsu.

Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da DNA, wato rubutattun umarnin da take aiki da su. Ba ta rabuwa gida biyu sai saƙo ya iso mata, wannan furotin ya miƙa wa wancan har cikin cibiyarta. Ɗaya daga cikin masu miƙa saƙon shi ne RAS, wanda ke aiki kamar makunnin wuta. Idan ya samu tangarɗa sai ya maƙale a kunne, ƙwayar ta yi ta hayayyafa babu wanda ya umarce ta.

A nan p53 yake shigowa. Da zarar DNA ya lalace, sai ya tsayar da ƙwayar har a yi gyara. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, ya sa ta kashe kanta. Abin mamaki, lokacin da aka gano shi a 1979 an zaci shi ke haddasa kansa. Sai a 1989 aka tabbatar kariya yake bayarwa. A kusan rabin cututtukan kansa na ɗan'adam, ana samun ƙwayar gadon da ke samar da shi, TP53, a lalace. Giwa kuwa tana da kwafinta kusan 20, kuma duk girman jikinta ba kasafai kansa ke kashe ta ba.

Wannan ba labarin ɗakin bincike ba ne kawai. Gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi sukan yi fumfuna, fumfunar kuma takan fitar da guba mai suna aflatoxin. Gubar tana canja harafi ɗaya tak a gurbi na 249 na TP53 cikin ƙwayoyin hanta, kamar kuskuren harafi guda da ke hana manhaja tashi. Idan mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, haɗarin kansar hanta yakan ninku. Ciwon hantar yana da rigakafi, amma gubar, dafuwa ko suya irin ta gida ba ta kawar da ita.