Abin da ke sa bidiyon kyamarar tsaro ya ƙi buɗuwa

Ɗan kasuwa ba ya cika waiwayar kyamarar tsaron shagonsa sai ranar da aka yi masa sata. A ranar ce kuma wani lokaci ake kwafo bidiyon ya ƙi buɗuwa, ko ya fito a yamutse. Sau da yawa kyamarar lafiyarta ƙalau, matsalar tana wajen harhaɗa bayanan da ta aiko.

Galibin kyamarorin da ke aiki ta intanet suna matse hoto ne da tsarin H.264 na shekarar 2003, ko ƙanensa H.265 na 2013. Tsarin yana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kuma domin na'ura ta gane inda kowace gunduwa ta soma, ana sa mata alama a gaba: 00 00 01, wani lokaci da ƙarin 00 a farko. Kowace lamba a nan bayit guda ce, wato ƙwayar ma'aunin bayanan kwamfuta.

To, idan wannan jeri ya faɗo da kansa a tsakiyar hoto fa? Na'ura za ta ɗauka sabuwar gunduwa ce, ta yanke a inda bai dace ba. Maganin da aka yi wa wannan yana da ban sha'awa: duk inda 00 biyu suka jeru, aka bi su da 00, 01, 02 ko 03, sai a cusa 03 bayan biyun. Ke nan 00 00 01 ya koma 00 00 03 01, sai a zare shi lokacin fassara hoton.

A nan masu rubuta manhaja kan yi tuntuɓe. Kyamarar da ke aikawa ta hanyar RTP ba ta haɗawa da alamar farawa. Manhajar da ke karɓa ce za ta haɗe gutsattsarin, ta mayar da alamar. Amma 03 ɗin dole a bar shi a fayil. Wanda ya zare shi kafin adanawa ya cika bidiyon da alamun ƙarya, wanda kuma ya karanta bayanin girman hoto bai zare ba, yana iya samun faɗi da tsawo na bogi. Shi kuwa fayil ɗin MP4 tsawon kowace gunduwa yake rubutawa a madadin alamar.

Saboda haka kafin ka biya mai kafa kyamara, ka sa ya kwafo bidiyon minti biyar, a buɗe shi a wata kwamfuta dabam a gabanka.