Jinyar Ciwon Hanyar Fitsari Mai Tsanani Ba Tare Da Kwanciya Asibiti Ba

Ciwon hanyar fitsari yana cikin cututtukan da suka fi kai jama'a wurin likita, kuma galibi ƙwayoyin magani na 'yan kwanaki sukan wadatar. Amma fa akwai irin wanda yakan wuce mafitsara ya hau har ƙoda, ya zo da zazzaɓi mai zafi, da rawar ɗari, da ciwon kwiɓi, da amai. Irin wannan shi ne likitoci ke kira mai tsanani, domin in aka yi sakaci ƙwayar cutar takan shiga jini, ta yi sanadin ajali.

Waɗanda ya fi kamawa su ne masu ciwon sukari, da mata masu juna biyu, da masu tsakuwa a ƙoda, da waɗanda aka sa wa robar fitsari, da kuma dattawan da kumburin furostet ya hana mafitsararsu juyewa sarai. A ƙasar nan akwai kuma tsargiya, wadda in ta daɗe a jiki takan bar tabon da ke ƙuntata hanyar fitsari.

Ƙwayar cutar da ta fi haddasa ciwon ita ce ikolai, wadda asalin mazauninta hanjin mutum ne. A 1983 aka fara ba da rahoto daga Jamus cewa wasu ƙwayoyin cuta na wannan dangi suna fitar da wani sinadari mai lalata manyan magunguna, kuma tun daga lokacin abin ya bazu a duniya. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a shekarar 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wuya. Wannan shi ya sa sau da yawa maganin haɗiya ba ya aiki, sai an koma ga allura ta jijiya.

A da, allurar jijiya da gadon asibiti tare suke tafiya. To, a 1974 wasu likitoci a Amurka suka bayyana yadda suka yi wa yara masu wani ciwon huhu na gado irin wannan allura alhali kuwa yaran suna kwana a gidajensu. Daga nan dabarar ta yaɗu zuwa wasu cututtuka, har ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta tsara mata ƙa'idoji a 2004, ta kuma sabunta su a 2018.

Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne samun magungunan da ake yi sau ɗaya tak a yini. Akwai seftirayazon, akwai jentamaisin, akwai kuma artafenem, wanda ake ajiyewa domin ƙwayoyin cutar da suka gagari sauran. Da farko akan ɗauki fitsarin majinyaci a kai ɗakin gwaje-gwaje, inda cikin kwana 2 zuwa 3 za a gane ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta. Sai a sa masa kanula a hannu, ya riƙa zuwa kullum a kan lokaci, ko kuwa nas ta bi shi gida. Jinyar kan ɗauki kwana 7 zuwa 14, kuma da zarar zazzaɓi ya sauka, in gwaji ya nuna akwai maganin haɗiya da zai yi aiki, sai a cire kanula a ƙarasa da shi.

Sai dai ba kowa ake sallama ba. Wanda bugun jininsa ya faɗi, ko ya fara ruɗewa, ko amai ya hana shi shan ruwa, lalle ne a kwantar da shi. Haka nan mai juna biyu akan fara jinyarta a asibiti. In kuwa tsakuwa ce ta toshe hanya, tilas a buɗe wa fitsarin mafita tukuna, don magani kaɗai ba zai wadatar ba.

Amfanin wannan tsari a fili yake ga duk wanda ya san cunkoson manyan asibitocin Nijeriya. Gado yakan samu ga wanda ya fi buƙata, kuɗin kwanciya ya ragu, mai jinya ya huta da shimfiɗa tabarma a baranda, majinyaci kuma ya kauce wa cututtukan da ake kwasa a asibiti.

Amma wajibi ne a bambanta shi da al'adar nan ta zuwa kemis a ce a yi allura ko a ƙara ruwa. A can ba a gwada fitsari, ba a auna jini, kuma da mutum ya ji sauƙi sai ya daina zuwa. Jentamaisin, alal misali, yana iya lalata ƙoda ya kuma kurmantar da mutum in ba a lura da adadinsa ba. Saboda haka ƙa'ida ta tanadi a riƙa auna jini aƙalla sau ɗaya a mako, a kuma duba wurin kanula kullum, ko ya kumbura ko ya yi ja. Yin manyan allurai barkatai kuwa shi ne ke ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai, matsalar da ta sa Nijeriya ta fito da shirin ƙasa na yaƙi da ita a 2017.

Don haka duk wanda likita ya sallama a kan wannan tsari, kada ya tsallake ko da yini ɗaya, kuma ya tabbata ya san wanda zai kira ko da tsakar dare. In zazzaɓi ya dawo, ko fitsari ya ragu, ko jiri ya kama shi, to ya koma asibiti nan take, kada ya jira wayewar gari.