Kuran a Cikin Wayar Sadarwa: Inda Haɗarin Yake

Tambayar da ta jawo wannan ɗan rubutu ita ce: idan aka jona kwamfuta ko na'urar buga takardu, waɗanda ba sa shan wuta ta wayar sadarwa, a kafar akwatin rarraba layi mai tura kuran, wato tsarin da ake taƙaitawa da PoE, shin za su ƙone? Ba ƴan birni kaɗai tambayar ta shafa ba. A gari irin Tamaske, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, duk wanda ya ɗora eriya bisa rufi don kamo intanet, waya guda ce ke kai wa eriyar saƙo da wuta, kuma in kwamfuta ta lalace mai gyara yana nesa.

Amsar ta danganta da irin akwatin, domin iri biyu ne.

Na farko shi ne mai bin ƙa'idar ƙungiyar IEEE. Ƙa'idar 802.3af ta fito a 2003 da wat 15,4 a kowace kafa, 802.3at ta kai shi wat 30 a 2009, 802.3bt kuma wat 90 a 2018. Wannan akwati ba ya sakin wuta sai ya yi sallama. Yakan fara tura kuran kaɗan, wanda bai wuce kimanin bolt 10 ba, ya auna turjiyar abin da aka jona. Na'urar da aka ƙera don shan wuta ta waya tana nuna turjiya ta kusan om 25.000, kuma wannan ita ce shaidarta. In ya same ta, sai ya saki bolt 44 zuwa 57. In bai same ta ba, saƙo kawai zai wuce. Saboda haka kwamfuta ba ta cikin haɗari a irin wannan kafa.

Na biyu shi ne wanda Faransawa ke kira « passif », kuma a nan matsalar take. Galibi ɗan ƙaramin akwati ne da ke zuwa tare da eriya, irin wasu na Ubiquiti da MikroTik, mai bolt 24. Ba ya auna komai. Da an kunna shi, wuta na kan waya. Wayar sadarwa tana da silli takwas. Layi mai gudun megabit 100 yana aiki da na 1, 2, 3 da 6, sai a bi da kuran ta 4 da 5, ya komo ta 7 da 8. To amma a kafar kwamfuta waɗannan sillan ba a sake suke ba: akan ɗaure su da ƙananan turjiyoyi na om 75, kafa mai gudun gigabit kuwa duka takwas take amfani da su. Kuran da ba a nema ba yana iya ƙona kafar. Abin takaici, haruffan nan uku na PoE ne rubuce a jikin akwatunan biyu, kuma a ganinmu wannan ne tushen ruɗanin.

Hanyar rarrabewa ba ta da wuya. A duba jikin akwatin: in babu 802.3af, at ko bt, a ɗauka ba ya sallama. Mai na'urar awon kuran ya auna tsakanin silli 4 da 7 kafin a jona komai. In ta tsaya cik a 24, wuta ce sakakkiya. Ɗan akwatin eriya yana da kafa biyu: mai rubutun POE ta eriya ce, mai rubutun LAN ita ce ta kwamfuta. Wasu akwatunan MikroTik kuma ana iya tilasta musu sakin wuta daga cikin tsarinsu, don haka a bincika kowace kafa. Wayar da ta hau rufi a ɗaura mata jan ƙyalle a bakinta, domin wanda zai zare ta gobe ba lalle ne shi ya jona ta ba.